Tun 1960 sai asubahin wata Litinin a Fabrairun 2018

A duk faɗin Jos ban san mutum na uku da ya damu da Philadelphia Eagles, ƙungiyar ƙwallon ƙafa irin na Amurka, ba. Ni ne, sai Kawu, kuma shi ya jawo mini wannan jaraba. Karatu ya kai shi Filadelfiya, ya dawo da takardar digiri da kuma ciwon da Oakland Raiders suka sa masa a Janairun 1981, ranar da suka lallasa Eagles 27 da 10 a Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofi. Wannan ciwon ya raba mini tun ina yaro, ban roƙa ba.

Kafin Fabrairun 2018, rabon ƙungiyar da kofin zakarun NFL, babbar gasar wannan wasa a Amurka, tun 1960, shekarar da Najeriya ta samu 'yancin kai. Nawa rabon wahalar ya faro ne zamanin koci Andy Reid da mai jefa ƙwallo Donovan McNabb. Shekara uku a jere muna zuwa bakin ƙofar Super Bowl ana koro mu: Rams, sai Buccaneers, sai Panthers. Da ƙyar muka shiga a Fabrairun 2005. Terrell Owens ya buga wasan makonni kaɗan bayan an yi masa tiyata a ƙafa, ya yi abin da ya fi ƙarfin mai lafiya, amma New England Patriots suka ɗauke kofin 24 da 21.

Abin da ya fi cin rai shi ne babu mai yi maka jaje. Ɗan Arsenal ko ba komai yana da gidan kallo, akwai masu tsokanarsa, akwai abokan kuka. Ni kuwa in na kawo zancen a teburin mai shayi a Bauchi Road, sai a ce, "Wai wannan damben da ake yi da hular kwano?"

A kakar 2017 ma sai da na fid da rai. Muna kan gaba, Carson Wentz, matashin da ke jefa mana ƙwallo, ya ji ciwo a gwiwa a watan Disamba. Aka ɗauko Nick Foles daga benci, mutumin da a 2016 ya kusa ajiye wasan gaba ɗaya. Kowa ya raina mu, har 'yan wasanmu suka riƙa sa fuskar kare ta roba don mayar da martani, tun da "underdog" ake ce wa wanda aka raina a Turance. Muka sha da ƙyar a hannun Atlanta, muka yi wa Minnesota 38 da 7, sai ga mu da Patriots kuma, da mai jefa musu ƙwallo, Tom Brady ɗin nan dai na 2005.

An take wasa a Miniyapolis da sha biyu da rabi na dare agogonmu. Wanda ya san sanyin Jos a Fabrairu ya san abin da nake nufi. Na cika janareta, na cika fulas da shayi mai citta, na ƙudundune a bargo. Uwargida ta leƙo falo ta ce, "Maigida, in ka tashe mini yara da ihu, kai za ka goya su." Kawu kuwa hawan jini ya hana shi kallo. Cewa ya yi kada in kira shi sai da labari mai daɗi.

Ga waɗanda ba su san wasan ba, dama huɗu ake ba ka ka ci yadi goma. Daf da hutun rabin lokaci muna kan dama ta huɗu, saura yadi ɗaya mu shiga gida, wato ƙarshen fili inda ake cin maki shida. Mai hankali zai buga ƙwallo ta tsakanin sanduna ya karɓi maki uku ya gode wa Allah. Kocinmu Doug Pederson bai yi haka ba. Foles ya matsa gefe kamar mai yi wa 'yan gaba magana, aka miƙa wa Corey Clement ƙwallo, ya ba Trey Burton, Burton ya jefa, sai ga Foles shi kaɗai a cikin gida ya cafe. Mai jifa ya koma mai cafewa! Kuma ɗazu-ɗazu Brady ya gwada irin wannan dabara ƙwallon ta suɓuce masa. Gefen bargo na cusa a baki.

Brady dai Brady ne. Yadi 505 ya jefa a daren, kuma a zangon ƙarshe suka wuce mu 33 da 32. Na ce shi ke nan, an koma gidan jiya. Sai namu Zach Ertz ya faɗa gida da ƙwallo, alƙalai suka tsaya duba bidiyo, ni kuwa ina tsaye da ƙafa ɗaya a silifas. Aka tabbatar. Saura minti biyu da 'yan kai Brandon Graham ya doke ƙwallo daga hannun Brady, Derek Barnett ya faɗa kanta. An tashi 41 da 33.

Kada a manta da namu. Nelson Agholor, haifaffen Legas, wanda aka yi ta zagi a 2016 saboda zubar da ƙwallo, sau tara ya cafe a daren. Jay Ajayi, ɗan 'yan Najeriya da aka haifa a Landan, shi ma ya ci ƙasa da gudu.

Kafin kiran assalatu na buga wa Kawu. Bugu ɗaya ya ɗauka, ashe bai runtsa ba. Na ce, "Kawu, albishirinku." Ya ce, "Kai yaron nan, kada ka yi mini wasa da zuciya." Da na faɗi sakamakon sai ya ce in maimaita, a hankali, har da sunan wanda ya ƙwace ƙwallon.

Da safe na isa wurin mai shayi ina washe baki, na ce a haɗa wa kowa da biredi da ƙwai, Eagles sun ci kofi. Wurin ya yi tsit. A daren Lahadin nan ne Maroko ta yi wa Super Eagles ɗinmu na gida 4 da 0 a wasan ƙarshe na CHAN, gasar Afirka ta 'yan wasan cikin gida, a Kasabalanka. Wani dattijo ya ajiye kofinsa ya ce, "Malam, in iskanci ne ka bari rana ta fito." Sai da na buɗe waya na nuna musu Foles riƙe da kofi kafin suka yarda su ci ƙwan.