Ledar da ke hana shara zama taki

Sana'ata sayen kayan bola. Ina da ɗan fili a bayan tasha a garinmu, hedikwatar wata ƙaramar hukuma da ke arewa da Kano, da sikeli, da injin niƙa roba mai aiki da dizal. 'Yan gwangwan su kewaya unguwanni da ƙauyuka da baro, su kawo mu auna mu biya.

Ƙarfe ba ya kwana a ƙasa, kowa ya san kuɗi ne. Gwangwanin lemo maƙera ke ɗauka su narka su zuba tukwane. Fasassun bokitai, robobin wanka, butoci da kujeru su ne cinikina na gaske: mu ware su launi-launi, mu niƙa, mu wanke, mu shanya, mu ɗura a buhu, sai masana'antun roba na Sharaɗa da Dakata. Ribar duk a kan hanya take tsayawa ko ta zube. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, ba na tayar da mota sai ta cika maƙil, ko da kuwa kaya za su yi makonni a ajiye.

Abin da ke ci mini rai shi ne leda. In ka tona jujin garinmu, yawancinsa toka ne, da ƙasar share tsakar gida, da kashin awaki, da ƙaiƙayi. Wannan taki ne. Iyayenmu da jakuna da mangala suke kwashe shi zuwa gona kafin damina, har yau kuma manoman kewayen Kano na sayen sharar birni tifa-tifa. Amma yanzu baƙar leda da ledar fiya wata sun cakuɗe da shi. Manomi ya zuba a gona, fartanya na kamo leda shekara da shekaru. Akuya ta ci ta rame, sai mahauci ya farka tumbi ya ga dunƙule. Da ruwa ya sauko kuma kwata ta toshe.

Ana tambayata me ya sa ba na sayen leda sosai. Ba ta da nauyi. Yaro zai wuni yana tsinta, buhu ya cika, sikeli ya nuna abin da bai kai kuɗin abincinsa ba. Wadda ta sha ƙasa da ruwan kwata kuwa, wankinta ya cinye kuɗinta. Ledar fiya wata mai tsabta, wadda aka tara tun daga shago ko gidan biki, ita ce ke da kasuwa.

Tsarin mulkin 1999 ya ɗora kwashe shara a wuyan ƙananan hukumomi, kuma a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Ni dai ba motar kwasar shara mai tsada nake roƙo ba. A ba mu fili mai katanga a bakin gari, gefe na roba da leda, gefe na taki. A rataya buhu a kowace makaranta, da tasha, da rumfunan kasuwa ranar da take ci, mu mu zo mu kwashe mu biya. Masu unguwanni da limamai su gaya wa matan gida su daina zuba leda cikin toka. Manoma uku sun riga sun ce mini za su sayi takin in har an tace shi, kuma rariyar tacewa maƙerin unguwarmu zai iya ƙera ta.