Mako na biyar: saƙonnin sauke fayil da gargaɗin burauza

'Yan'uwa masu koyon fassarar manhaja, barkanmu da ƙoƙari. Yau mako biyar ke nan ina gwada hannuna a kan saƙonnin da burauza ke nunawa lokacin da ake sauke fayil. Na ɗauki na Firefox ne saboda rubutunsa a buɗe yake, kowa na iya dubawa, sannan nakan leƙa Chrome in ga yadda yake faɗin abu ɗaya. Ga inda na kai.

Saƙonnin halin da saukewa ke ciki ba su ba ni wuya ba, don Hausa tana da abin da ya dace da su tun asali, wato "an" da "ana". Ana saukewa. An dakatar. An soke. An kammala. Babu buƙatar a ce wane ne ya yi. Wanda ya fi yi mini daɗi shi ne na gazawa. Da farko na rubuta "Saukewa ta gaza", na karanta da ƙarfi, na ji babu mai magana haka. Sai na koma "Bai sauku ba". Wannan ita ce maganar da mutum zai faɗa wa na kusa da shi, kuma ba ta ɗora wa kowa laifi.

Na jefar da kalmar "tsayar" gaba ɗaya, domin tana iya nufin hutu, tana iya nufin an fasa. Su kuwa abubuwan biyu sun sha bamban. Yayin saukewa, burauza tana tara abin da ya iso a wani fayil na wucin gadi, mai ƙarewa da .part a Firefox, ko .crdownload a Chrome. In an dakatar, guntun yana nan, ana iya ɗorawa daga inda aka tsaya muddin saba, wato kwamfutar da ke aiko da fayil ɗin, ta yarda da haka. In an soke, guntun ya tafi. Shi ya sa na ware "Ci gaba" ga wanda aka dakatar, "Sake gwadawa" ga wanda bai sauku ba.

Lokaci kuma: "Saura minti 5", "Saura daƙiƙa 30". A Turanci lamba ce a gaba, a Hausa tana bin suna, saboda haka dole a matsar da gurbin lambar. Wasu layukan suna cikin tsohon tsari mai nuna gurbi da alamar %S, wasu cikin Fluent, tsarin da Mozilla, mai yin Firefox, ta fitar da sigarsa ta farko a 2019. In gurbi biyu ne a layi ɗaya, ku lura da lambobinsu, %1$S da %2$S, kada girman fayil ya faɗa wurin lokaci. Teburin CLDR, wanda ke tsara ƙa'idojin tilo da jam'i na harsuna don manhajoji, ya ba Hausa rukuni biyu, tilo da sauran, amma ni "minti" na sa a duka biyun. "Saura mintuna 5" ba kuskure ba ne, sai dai ya fi tsawo, kuma wurin ƙarami ne.

Batun ka da ki da ku na warware shi haka: maɓalli ya ɗauki umarni tsura, Buɗe, Soke, Goge. Jimla cikakkiya ta ɗauki "ku". Inda za a ce "kwamfutarka" na sa "wannan kwamfuta", don manhaja ba ta san ko mace ce ko namiji ke riƙe da ita ba.

Gargaɗin tsaro ne ya cinye mini mako uku.

Firefox yana da saƙonni huɗu na toshe fayil, kuma a zubin farko na cusa kalmar "haɗari" cikin dukansu. Na ba ƙanwata ta karanta, na tambaye ta me ta fahimta. Ta ce duk abu ɗaya suke faɗi: kada a taɓa. Nan na gane na ɓata aikin. Saƙonnin huɗu ba ƙarfinsu ɗaya ba, kuma in na daidaita su, na yi wa mai karatu ƙarya sau uku. Mutumin da aka ce masa fayil haɗari ne, ya buɗe ya ga lafiya lau, gobe ba zai tsaya karanta gargaɗi ba, ko da ranar ta gaske ce.

Sai na koma na nemi sanin abin da burauza ta sani a kowane hali kafin ta yi magana. A na farko, an gwada fayil ɗin da bayanan Google Safe Browsing, wato jerin miyagun shafuka da fayiloli da Google ke tarawa, an same shi cikin miyagu. Nan akwai tabbaci, don haka babu sassautawa: "Akwai ƙwayar cutar kwamfuta ko muguwar manhaja a wannan fayil."

Na biyu shi ne manhajar da ba a tabbatar muguwa ce ba, amma irin mai sauya saituna ko cusa talla ba da izini ba. A nan ne "zai iya" ta kusa yaudarata. "Wannan fayil zai iya cutar da kwamfuta" yana kama da fassara mai kyau, amma "iya" a kunnen Bahaushe ƙarfi ne da iko, kamar a ce wane zai iya ɗaukar kaya. Abin da ake nufi shakka ce. Na mayar da shi "Mai yiwuwa wannan fayil ya cutar da kwamfutar nan." Na gwada "wataƙila", na ga ta yi laushi fiye da kima, kamar mai maganar bai damu ba.

Na uku ba zargi ba ne ko kaɗan. Fayil ne da ba a san shi sosai ba, ba a tara shaida a kansa ba. "Ba a cika sauke wannan fayil ba." Wannan "cika" ta ɗauke nauyin duka, kuma ina ganin jimlar ta fi ta Turancin zama daidai.

Na huɗu bai shafi fayil ɗin kansa ba, hanyar da ya biyo ce matsalar. Ya zo ta HTTP, ba a ɓoye bayanan ba, wani a tsakiya na iya leƙawa ko ya sauya abin kafin ya iso. Tun watan Yulin 2018 Chrome, daga siga ta 68, yake yi wa shafukan HTTP alamar rashin tsaro, a 2020 kuma ya fara toshe irin wannan saukewa in an taso daga shafin HTTPS, wato mai ɓoye bayanai. Na rubuta: "Ba a sauke ba: hanyar da fayil ɗin ya biyo ba ta da kariya." Na fi son "kariya" a nan a kan "tsaro", domin tsaro ya yi faɗi, kariya kuwa tana nuna akwai abin da ya kamata ya rufe amma babu.

Saura maɓallan da ke ƙasan gargaɗi, kuma su ne suka fi tsorata ni, don nan yatsa ke sauka. Ɗaya na riƙe fayil ne, ɗaya na jefar da shi. "Ajiye" ba ta yi ba, na riga na ba ta aikin adana fayil a wani wuri. Na sa "Bar shi", na kwana a kai, da safe na ga illar: bar shi na iya nufin ƙyale shi ya zauna, na iya nufin rabu da shi. Ma'ana biyu masu karo da juna a maɓalli ɗaya, a gaban fayil mai cuta! Yanzu "Goge fayil" nake da shi a gefe ɗaya, "Riƙe duk da haka" a ɗaya gefen. "Duk da haka" ɗin na sa ta da gangan, domin ta tuna wa mai dannawa cewa an gargaɗe shi.

Na sake ba ƙanwata jerin, na ce ta jera su daga mafi muni zuwa mafi sauƙi. Ta sa na ƙwayar cuta a sama, na "ba a cika saukewa ba" a ƙasa, ta yi jinkiri tsakanin sauran biyun. Wannan jinkirin ya yi mini, don ni ma ban ga dalilin fifita ɗaya a kan ɗaya ba.

"Riƙe" har yanzu ba ta kwanta mini sarai ba, tana ɗan kama da riƙon hannu. Na bar ta da alamar tambaya a littafina. Mako mai zuwa zan shiga jan shafin nan na gargaɗin shafukan yaudara, inda zan zaɓa tsakanin "yaudara" da "damfara".