Kwalar Sarauniya da hannun mai wanki

A shekararmu ta biyu a makarantar koyon ɗinki, malama ta ajiye mana hoton Elizabeth ta ɗaya, Sarauniyar Ingila daga 1558 zuwa 1603, ta ce kowacce ta ɗinko irin kwalar da ke wuyanta. Farar kwala ce mai tattara, ta zagaye wuya kamar faifai, sai ka ce an ɗora kan baiwar Allah a kan tire. Na ce a raina, ai wannan aikin kwana biyu ne.

Na yanka farin yadi dogo siriri, na kalmashe bakinsa, na tattare shi da hannu a jikin ƙyallen wuya har yatsana ya yi kanta. Da na ɗaura wa mutum-mutumi sai abin ya langwaɓe kamar ganyen alayyafon da ya kwana. Na warware, na sake, haka dai. Malama ta ɗaga shi da yatsa biyu ta ce, "Ɗinkinki ba laifi. Ina sitaci?"

Ashe allura ba ta ba kwalar nan siffa. Mai wanki ce ke jiƙa ta da sitacin alkama, ta shanya, sannan ta riƙa zura ƙarfe mai zafi cikin kowace tattara, ɗaya bayan ɗaya, har su tsaya a jere. Manyan kuma sai an tokare su da waya ta ƙasa. Ruwan sama ya taɓa ta ko an wanke, shi ke nan, an koma farko. Shi ya sa ake cire ta daga jikin riga a wanke ta daban. Sana'ar ta yi tsadar da a 1564 wata mata daga yankin Flanders, Dinghen van den Plasse, ta zauna a Landan tana karɓar fam huɗu zuwa biyar don koyar da sa sitaci kaɗai.

Ni da ƙarfen nannaɗe gashi na yi tawa, sitacin kuwa na rogo. Na ƙona wuri biyu, na ɓoye su ta ƙeya. Ta tsaya cak ranar da aka duba, washegari damina ta kwantar da ita.

Yanzu in na kai shadda wurin masu bugu, ba na yi musu cinikin da nake yi da. Hoton kuma yana nan manne a bangon shagona, wani lokaci nakan tsaya ina ƙirga tattarar.