Shekarata ta farko a Tawa

Sati biyu kenan da dawowarmu Gombe hutu, kuma duk wanda ya shigo gaishe mu tambayar ɗaya ce, "Mama ya Nijar, ai dai ku kun huta tunda Hausa suke ji ko?" Jiya ma bayan zumuntar mata wata ƙanwata da ake shirin tura su aikin bishara ita da maigidanta ta riƙe ni a bakin majami'a tana min irin wannan maganar, shi yasa nace bari in zauna in rubuta, dan abun ya fi ƙarfin hirar tsaye.

Nima haka na ɗauka lokacin da aka ce Tawa zamu aikin bishara, can cikin Nijar, a 2021. Nace toh ai gida ne, daga Sakkwato ka wuce Illela ka tsallaka Ƙonni shikenan sai ka miƙe arewa. Ni ƴar Kaltungo ce, na tashi ina jin labarin mishan ɗin ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) da suka iso garinmu a 1917, kakata tana bamu labarin yadda suka zauna suna koyon Tangale kalma kalma daga bakin mutane, sai nake ganin wannan wahalar tasu ce su Turawa, mu namu mai sauƙi ne tunda da Hausa nake sujada tun ina yarinya, Littafi Mai Tsarki na Hausa kuwa tun 1932 yake hannun mutane.

Kwana uku da sauka na shiga kasuwa siyan albasa da tumatir. Na tambayi kuɗin kashi ɗaya mai kayan yace hamsin, na ciro sefa 50 na miƙa masa, sai ya tsaya yana kallona, nima ina kallonsa. Wata dattijuwa dake gefe ce ta taɓa ni tace "ɗiyata daga Najeriya kike ko?" Ita ta fahimtar dani cewa can da dala ake lissafi, dala ɗaya sefa 5 ce, in ance hamsin to sefa 250 ake nufi, in ance ɗari 500 kenan, 1000 kuma jikka. Na dawo gida na zauna bakin katifa nayi shiru, dan a ranar na gane cewa kunnena yana jin maganar amma ma'anar tana wuce ni, kuma in haka ne a kan albasa to ina ga maganar da ta kawo mu.

Daga nan sai abubuwa suka dinga fitowa ɗaya bayan ɗaya. Asibiti likita suke cewa, makaranta lakwal, malamin boko mushe, wutar lantarki kuran, fura hura, lafiya lahiya. Waɗannan kam cikin wata biyu an saba. Wanda yafi min ciwo shine yarona na fari, a Gombe yana aji uku yana karatu da kyau, can kuwa komai da Faransanci, dole aka maida shi baya, kullum ya dawo ya ajiye jaka ya kwanta baya magana, wani dare naji yana tambayar babansa wai laifin me yayi aka rage masa aji. Gaskiya a wannan daren na kusa cewa mu tattara mu koma. Ban faɗa ba, amma nayi kuka sosai wajen addu'a.

Ga zafi. Mu da muke cewa Gombe da zafi, Afrilu da Mayu a Tawa wani abu ne daban, tsakar gida muke kwana, ruwan randa kansa sai ka lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, ruwan sama kuma sai ka gaji da kallon gabas kafin ya sauko, in zai zo ma sai jar guguwa ta fara rufe gari. Doya da manja sai an dace kuma da tsada, gero ne abincin gari.

Ranar Lahadi ce tafi nauyi. Kin saba da majami'a cike, ƴan kwaya, zumuntar mata da tulu da kacau kacau, a fito ana gaishe gaishe har rana tayi tsaka. Can mu wajen ashirin ne a ɗaki ɗaya harda yara, rabi ma baƙi ne ƴan Benin da Togo masu aiki a garin, sai a karanta nassi da Hausa a sake da Faransanci. A unguwa kuwa yawancin mutane abinda suka sani game da Kirista shine asibitin Galmi da mishan suka buɗe tun 1950, in nace ga aikin da ya kawo mu sai ace "a'a ku mutanen Galmi ne," kuma da mutunci suke faɗa, dan kusan kowane gida akwai wanda aka taɓa kaiwa can.

Abinda ya zaunar dani a garin maƙwabciyata ce, Hajiya, wadda katanga ɗaya ta raba mu. Mijinta da ƴaƴanta maza biyu duk suna Abijan cirani kamar maza da yawa na Adar, wato yankin da Tawa take, ita ke riƙe da gida da jikoki. Satin farko ta aiko yarinya da ƙwarya cike da hura, ni kuma na wanke ƙwaryar na saka sabulu da ƴan kuɗi na mayar, a tunanina godiya ce. Da yamma sai gata da kanta, ta zauna kan tabarma ta ajiye kuɗin a gabana tace "Maman yara, ni ba saida miki nayi ba. Baƙo ci yake yi." Nace Hajiya kiyi haƙuri. Tace "ba komi, amma gobe ki shigo ki zauna, kullum ƙofarki a rufe kamar gidan jandarma."

Na shiga, kuma tun daga ranar ban daina shiga ba. A gidanta na koyi yadda ake gaisuwar rasuwa a can, da abinda ake kaiwa suna, da wanda ya kamata in fara gaidawa a unguwa, ita ta samo ɗalibin da yake zama da yarona da yamma har Faransancin ya buɗe masa. Tasan ni Kirista ce nasan ita Musulma ce, in lokacin sallah yayi ta tashi ni in riƙe mata jika, in taji muna waƙa da asuba tace Allah ya karɓa. Munsha maganar addini da ita, a natse, kuma ita ke fara tambaya. Ni dai a ganina duk mai bishara da baya iya karɓar abinci daga hannun mutane, ya zauna ayi masa gyara, bai fara aiki ba tukuna ko da shekara goma yayi a gari, kuma wannan ba'a cika faɗa mana ba kafin a tura mu.

Da akayi juyin mulki ranar 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wuta, kuɗin da ake aiko mana daga gida ya daina isowa yadda aka saba, kaya sukayi tsada, iyakar bata buɗu ba sai Maris 2024. Ƴan uwa a Gombe sunata waya mu nemi hanya mu fito. Cikin wannan halin ne Hajiya tasa aka shigo mana da rabin buhun gero, tace kar in kuskura in ce komai, kuma ta tsaya a bakin ƙofa ta faɗa wa samarin da ke zaman hira a fadar unguwa, wato majalisarsu, cewa gidan nan gidanta ne.

Shekaranjiya ta kira ni, tace damina ta sauka, akuyarmu ta haifi biyu, sannan in taho mata da atamfa mai ruwan ganye da man gyaɗa galan ɗaya. Atamfar na riga na siya a babbar kasuwa, man ne nake jira a kawo min daga Kumo kafin ranar Talata.