Kenel da ke faɗuwa ba ya iya rubuta wasiyyarsa

Ƙannena da kuka fara kula da sabar Linux a ofis ko a makaranta, akwai matsalar da za ta same ku ko ba jima ko ba daɗe. Na'ura tana aiki lafiya lau, sai ta mutu ta sake tashi da kanta, ba wanda ya taɓa ta. Ka buɗe log, wato fayil ɗin da tsarin ke rubuta abin da ke faruwa a cikinsa, ka tarar layin ƙarshe magana ce ta yau da kullum, na bayansa kuma saƙonnin sabon tashi ne. Tsakaninsu babu komai.

Da na fara cin karo da irin wannan, sauya kaya na shiga yi. Na cire ram na sa wani, na sauya akwatin wutar na'urar, daga baya na goge komai na sake girka tsarin daga tushe. Duk abin da na sauya sai ta yi kwana biyu shiru, in ce ai an gama, sai ta sake. Kuɗin mai ofis ya tafi, kuma ban ƙaru da sanin komai ba, domin canke nake yi. Sake girkawar ma ta share 'yar shaidar da ta rage.

Dalilin da ya sa log ke zama fayau ba boyayye ba ne. Kenel, wato zuciyar tsarin Linux da ke sarrafa kayan na'ura, ba ya rubuta saƙonninsa a faifan ajiya da kansa. Yana zuba su ne a wani ɗan wuri cikin ram, sannan wata manhaja, journald ko rsyslog, ta kwashe ta kai faifai. To waɗannan manhajoji ne kamar kowace, sai kenel ya ba su dama suke motsi. Da zarar ya faɗa halin da ake gani a allo da rubutun Kernel panic - not syncing, ya tsayar da komai, kuma da gangan yake ƙin taɓa faifai don kada ya lalata abin da ke ciki. Maganarsa ta ƙarshe tana cikin ram, ram kuwa ba ya riƙe ta idan na'ura ta sake tashi. Kamar mai gargara ne: wasiyya ba ta rubutuwa da hannunsa, sai an sami na kusa da zai ji ya riƙe. Duk da haka ka fara duba journalctl -k -b -1, wanda ke nuna saƙonnin kenel na tashin baya idan akwai jakar /var/log/journal. Wani lokaci gargaɗin da ya riga faɗuwar yana nan.

Mai sauraren da ya fi sauƙin samu shi ne netconsole. Ingo Molnar ne ya fara shi a 2001, Matt Mackall ya sake gina shi don kenel 2.6 a 2003. Aikinsa ɗaya: duk layin da kenel ya furta, ya tura shi nan take ta kebul zuwa wata kwamfuta a matsayin saƙon UDP, wato irin saƙon netwok da ake aikawa ba a jiran amsa. Ba ya jiran wata manhaja, yana magana kai tsaye da direban katin netwok, shi ya sa yake iya aiki ko da sauran tsarin ya riga ya sandare. Tsohuwar laftof ta isa ta zama mai karɓa. A kanta ka rubuta:

nc -u -l 6666 | tee rahoto.txt

Wasu nau'o'in nc suna son a sa -p kafin lambar. A kan na'urar da ke ciwo kuma:

modprobe netconsole netconsole=6665@192.168.1.10/eno1,6666@192.168.1.20/aa:bb:cc:dd:ee:ff

Kafin waƙafi bayanin mai aikawa ne: lambar ƙofa (port), adireshi, sunan kati. Bayan waƙafi na mai karɓa ne: ƙofa, adireshi, lambar MAC, wato lambar shaidar katin netwok. Lambobin nan misali ne, ka sa naka. 6665 da 6666 su ne ƙofofin da yake ɗauka idan ba ka faɗa ba, sunan katin kuma eth0, wanda yawancin na'urorin yanzu ba su da shi, saboda haka duba naka da ip link.

A nan ne na yi kuskuren da ya fi ci mini rai. Na kunna netconsole, na bar laftof a kunne, na tafi gida da murna. Saba ta faɗi, na dawo na tarar da fayil ba ko harafi. Sai na yanke hukuncin cewa kenel bai ce komai ba, ke nan kayan na'ura ne, na koma sayen kaya. Ashe saƙon ne bai taɓa isa ba tun farko. Laftof ɗin tana wani ɓangaren netwok daban, ni kuwa lambar MAC ɗinta na rubuta. Idan akwai rauta, wato na'urar da ke haɗa ɓangarorin netwok, tsakanin biyun, lambar MAC ta rautar ake sawa, domin netconsole ba ya tambayar hanya kamar yadda sauran manhajoji ke yi, abin da ka rubuta masa shi yake liƙa wa saƙo. Tun daga ranar ba na yarda da shirun mai karɓa sai na gwada shi.

Gwajin bai kai minti biyu ba. Rubuta echo sannu > /dev/kmsg a kan saba, ka leƙa laftof. In kalmar ba ta fito ba, akwai wuraren da aka saba tsayawa. Katangar tsaron laftof na iya toshe ƙofar, sai ka buɗe mata 6666 ta UDP. Ko kuma matakin surutun kenel ne ya yi ƙasa: saƙonninsa hawa takwas ne, daga 0 mafi tsanani zuwa 7, kuma kalmar quiet da ake sawa a layin tashi tana hana na hawa 4 zuwa 7 fita. Faɗuwar kanta za ta iso, amma gunagunin da ke zuwa kafin ta, wanda sau da yawa shi ne ke nuna mai laifi, ba zai zo ba. Maganinsa dmesg -n 8. Kada kuma ka dogara da Wi-Fi, netconsole na kebul ne. Idan katin yana cikin gadar netwok (bridge) ko an haɗe shi da wani kati, kamar yadda ake yi a sabar da ke ɗauke da na'urorin kwaikwayo, yana iya daina aikawa daga lokacin da aka haɗa shi, sai ka sake gwadawa bayan netwok ya gama tashi.

Gwaji na biyu shi ne wanda mutane ke jin tsoro, kuma shi ne na gaskiya. A lokacin da ba kowa a kan saba, ka sanar da masu ita, ka rubuta sync, sannan echo c > /proc/sysrq-trigger. Wannan yana kayar da kenel da gangan. Idan dogon rubutun faɗuwa ya bayyana a laftof, mai saurarenka ya ci jarrabawa. Sai ka tabbatar ya dawo bayan tashi, domin modprobe na hannu ba ya tsallake sake tashi. A saka bayanin a /etc/modprobe.d da /etc/modules-load.d, a rubuta adireshin mai aikawa ƙarara, tunda a wannan lokacin katin bai samu adireshi ba tukuna.

Wani abu da ban lura da shi da wuri ba: kenel na asali ba ya sake tashi bayan faɗuwa, tsayawa yake cak. Lambar da ke /proc/sys/kernel/panic ce ke hukunci. 0 na nufin ya jira har abada, 10 na nufin ya tashi bayan daƙiƙa goma. In ka ga wata lamba a wurin, mayar da ita 0 na ɗan lokaci, rubutun zai tsaya a allo ka ɗauki hotonsa da waya. In kuwa 0 ce amma na'ura tana tashi da kanta, to akwai mai tayar da ita: ko mai gadin da ke kan babban allon cikin na'ura (motherboard) da ake kira watchdog, ko kdump da ya gama adana hoton ram, ko kuma wuta.

Idan rahoto ya zo, kada ka fara daga ƙasa kamar yadda na yi. Faɗuwa ɗaya tana haifar da wasu, na ƙarshe kuma yawanci yana nuna wanda aka taka ne. Nemi na farko, mai alamar #1. Layin RIP yana faɗin aikin da ake ciki sa'ad da abin ya faru, Call Trace kuma yana jera hanyar da aka bi aka iso nan. Dubi kuma kalmar Tainted: harafin P na nufin akwai direba mai rufaffen lasisi, O direban da ba daga kenel na asali ya fito ba, M kuma na'urar sarrafawa ce da kanta ta kai ƙarar kayan aiki. A tawa sabar, sunan wani direba da aka ɗauko daga waje ne ke fitowa a wuri guda kowane lokaci. Aka cire shi, magana ta ƙare. Da a ce wurin faɗuwar yana sauyawa, yau nan gobe can, da ram zan zarga, in bar memtest86+, mai gwajin ram, ya kwana a kansa.

Shiru ma shaida ce, amma sai bayan ka yi gwajin nan biyu. Mai karɓa lafiya, saba ta mutu ba ko uffan, to abin ya fi kenel sauri. Wuta ce ta tsinke, ko zafi, ko babban allon cikin na'ura. A wurarenmu wannan ba ƙaramin zargi ba ne, ga sauyi daga wutar gari zuwa janareta, ga batirin UPS da ya tsufa ba a sani ba. Saƙonnin kenel suna ƙirga daƙiƙoƙi ne daga tashi, ba agogon bango ba, don haka ka bi da su ta manhajar ts da ke cikin moreutils ta liƙa musu lokaci, ka sa saba ta riƙa aika kalma ɗaya kowane minti, sannan ka kwatanta lokacin da ta yi shiru da lokacin da mai gadi ya tada janareta. Laftof tana da batirinta, amma suwic ɗin da ke tsakani ma yana buƙatar wutar da ba ta yankewa, in ba haka ba tare za su mutu.

UDP ba shi da sirri kuma ba ya alkawarin isarwa, saboda haka a bar shi cikin netwok na gida. Inda ba kebul, a duba /sys/fs/pstore ko /var/lib/systemd/pstore bayan tashi, domin na'urori masu UEFI da yawa suna ajiye ƙarshen rubutun faɗuwa a can. Wanda kuma ke da tsohuwar ƙofar siriyal ya sa console=ttyS0,115200 a layin tashi, ita tana fara magana tun kafin katin netwok ya farka.