Abin da doguwar mota ta koya mini a gareji

Limozin, doguwar motar nan da ake ɗaukar amarya a ciki, ba haka take fitowa daga kamfani ba. Mota ce kamar kowace, aka yanke ta gida biyu aka yi mata ƙari a tsakiya. Ana danganta farkon wannan sana'a da kamfanin Armbruster na garin Fort Smith a Amurka, wajen 1928. Mu masu walda da gyaran bodi a Apo, nan Abuja, ba ma ƙera ta. Tsofaffinta ake kawo mana idan zirga-zirgar biki ta gajiyar da su, kuma a ƙarƙashinsu na ga yadda maƙeran suka yi aikinsu.

Yankan shi ne mafi sauƙi. Kafin a kai ga nan sai an kwashe kujeru, an cire tankin mai da wayoyi, an ɗaure motar a kan teburin ƙarfe mai awo. Sannan a gitta ƙarafa a cikin bodin a ɗiga musu walda, domin da zarar an raba rufi da ƙasa, bakin ƙofa zai karkace in ba abin da ya riƙe shi. Sai a yanka ta bayan ƙofofin gaba, a ja rabin baya, a sa sababbin dogayen ƙarafa su haɗa shasin. Ranar da maigidana ya ga na matsu in kama injin yanka a wani aikin, sai ya miƙo mini tef ya ce, "Yaro, ƙarfe ba ya komawa. Sake aunawa." Kuskuren da bai kai kaurin farce ba a wurin yanka, a jelar mota mai wannan tsawo sai ya sa ta tafi a karkace tana cin taya.

Shi ya sa maƙera suka fi son Lincoln Town Car, wadda aka daina yi a 2011. Shasinta daban, bodinta daban, don haka ƙari yana da inda zai zauna. Kamfanin Ford, mai ƙera ta, ma ya kafa tsarin tantance masu wannan aiki, mai suna QVM, kuma ya ƙayyade kada ƙarin wannan mota ya wuce inci 120, wato kimanin mita uku.

Da farko na ɗauka iyakar don kyan gani ce. Ashe nauyi ne. Duk abin da ya bi tsawon mota sai an tsawaita shi: furofela (sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya), salansa, bututun mai, bututun birki, wayoyi. Amma birki da sifirin da taya ba tsawo suke nema ba, ƙarfi suke nema, saboda an ɗora musu ƙarfe da gilashi da fasinjoji fiye da lissafin da aka yi musu tun asali. A nan ake gane maƙerin kirki. Na taɓa kankare fenti a mahaɗar wata na tarar da foti, abin cike lotsawar bodi, mai kaurin yatsa, a ƙarƙashinsa walda ɗigo-ɗigo, tsatsa ta cinye tsakani. Alhali ciki fitilu kala-kala da kushin mai laushi, kyan ɗan maciji.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ranar 6 ga Oktoba 2018, a Schoharie da ke jihar New York, wata Ford Excursion ƙirar 2001 da aka ƙara wa inci 144 ta gangaro daga tudu birki ya ƙi kamawa. Mutum 20 suka rasu: direba, fasinjoji 17, da wasu biyu da ke tsaye a wurin. Tun kafin ranar masu duba motoci sun riga sun nuna matsalar birkinta.

Masu hayar irin waɗannan motoci yawanci fenti da sanyin ciki suke zuwa nema, biki na matsowa. Ni kuwa sai na ce, "Alhaji, a yi haƙuri a ɗaga ta tukuna." Ina fara duba mahaɗa biyun, sannan bututun birki daga gaba har baya, musamman tsakiya, inda cikinta ke gogar tudun rage gudu na titunan unguwa. Wasu sukan yarda, wasu su ja motarsu zuwa gareji na gaba.