Abin da ma'ajin sito ya koya daga kamfanin agogon Zenith

Aikina kula da sito ne a wata maɗaba'a, kuma rigimar da ba ta ƙarewa tsakanina da manya ita ce ta tsofaffin kaya: su suna ganin tarkace sun cinye wuri, ni ina ganin dukiya. Tarihin Zenith ne ya gyara mini tunani a kan wannan rigima, ko da yake ba ta inda na zata ba.

Georges Favre-Jacot ya kafa kamfanin a 1865 a garin Le Locle na ƙasar Suwizalan. A farkon 1969 suka fito da injin agogo mai suna El Primero, wanda ke bugawa sau 36,000 a awa, har yana iya auna kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Shekarar ba ta ƙare ba sai Seiko na Japan ya fito da Astron, agogon hannu mai batir. Kafin a ankara kasuwar agogon inji, wato marar batir, ta durƙushe, ma'aikata dubbai suka rasa aiki.

A lokacin wani kamfanin Amurka mai ƙera rediyo da talabijin ne ya mallaki Zenith. A 1975 ya ba da umarnin a daina agogon inji, a sayar da kayan ƙerarsa kamar yadda ake sayar wa 'yan gwangwan ƙarfe. Wani ma'aikaci, Charles Vermot, ya rubuta musu takarda yana roƙon a bar kayan. Suka ƙi. Sai ya riƙa kwashe su a ɓoye yana kaiwa wani ɗaki a ƙarƙashin rufin masana'antar, aka toshe wurin.

Masu ba da labarin sun fi son wannan ɓangare na ɓoyo, wai jarumta. Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Vermot bai jibge kayan haka kawai ba; kowane ƙarfen buga sassa ya yi masa lamba, ya haɗa zane-zanen, ya rubuta yadda aikin ke tafiya daki-daki. Duk wanda ya taɓa buɗe kwalin sassan inji marar suna ya san cewa da shi da shara duk ɗaya ne. Rubutun nan ne ya sa aka iya komawa ƙera El Primero a 1984, kuma daga 1988 Rolex ya riƙa sa shi, bayan gyare-gyare masu yawa, a agogonsa na Daytona har zuwa 2000.

Saɓa wa umarnin shugabanni kuwa, ba zan ba wani shawarar ya kwaikwaya ba, don da agogon inji bai farfaɗo ba, da yanzu sunan Vermot mai taurin kai. Abin da nake yi dai shi ne, duk abin da na nemi a ajiye, sai na rubuta injin da ya fito, da aikin da yake yi, da wanda ya iya haɗa shi. Wanda na kasa rubuta masa wannan bayani, da hannuna nake miƙa wa masu saye.